Kilo 64 aka zuba wa bam ɗin Hiroshima, ko ɗaya bai gama tashi ba

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma Malam nake so ya fara amsawa. Jiya bayan na taso daga Kasuwar Gumi, ko takalmi ban cire ba Ilham ta tare ni da wata magana. Wai ta karanta cewa bam ɗin nukiliyar da Amurka ta jefa wa birnin Hiroshima na Japan, abin da ke cikinsa ko kashi 2 cikin 100 bai tashi ba, sauran duk watsewa ya yi a iska. Na ce mata ta daina ɗaukar duk abin da ta gani a waya. Ta ce to in tambayi Malam. Gari guda ya ƙone ƙurmus, a ce da kashi 2? Har na kwanta hankalina bai ɗauka ba.

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, a wannan karon Ilham ce da gaskiya, ka gaya mata na yaba. Bam ɗin da aka saki a kan Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945 yana ɗauke da tataccen yuraniyom kimanin kilo 64, wato buhun siminti ɗaya da 'yan kai. Ƙarfin fashewarsa an ƙiyasta shi da na tan 15,000 na nakiyar TNT. To, sananne ne cewa in kilo 1 na irin wannan yuraniyom ya tsage kakaf, ƙwaya bayan ƙwaya, zai ba da ƙarfin tan 17,000 zuwa 18,000. Ka ga ke nan abin da ya yi aiki a Hiroshima bai cika kilo 1 ba. Kilo 63 da ɗoriya ba su tsage ba.

Auta: Malam, na buga a waya yanzu. 15 a raba da 17.5 ya ba ni wajen 0.86. In na raba wannan da 64, kashi 1.3 cikin 100 ke nan. Daidai ne?

Injiniya: Auta, lissafinki ya yi, amma akwai ɗan gyara. Kilo 64 ɗin ba duka ne mai lamba 235 ba, wato wanda ke tsagewa cikin sauƙi. A matsakaici kashi 80 ne cikin 100, sauran yawanci mai lamba 238 ne. In kika auna da kilo 51 na ainihin abin, zai ɗan haura, ya kai wajen 1.7. Shi ya sa za ki ga alƙaluman sun sha bamban daga wani rubutu zuwa wani. Ko ta ina aka ɓullo dai, bai kai 2 ba.

Ɗan Panteka: Ku dakata mini. Ni ƙarfe na sani. Kilo 64 ɗin nan girmansa kamar me?

Malamin Fiziks: Maigida, ka san yadda dalma take da nauyi a hannu. To yuraniyom ya fi ta nesa, don lita ɗaya tasa tana kai kilo 19, ta dalma kuwa 11 da 'yan kai. Duk kilo 64 ɗin da za a narkar da shi, galan mai lita 4 zai ɗauke shi har da sauran wuri.

Ɗan Panteka: Innalillahi. Galan ɗin da nake aiken yaro ya sayo mini man janareta. To me ya hana shi cinyewa duka? Mu dai a wajenmu in wuta ta kama fetur, sai ta ga bayansa.

Malamin Fiziks: A nan gizo ke saƙar, ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Da farko wannan ba ƙonewa ba ce irin ta itace ko fetur, ba ta neman iska. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya. Cibiyar yuraniyom mai lamba 235, idan wani ɗan mitsitsin abu da ake kira niyutiron ya faɗa mata, sai ta tsage biyu, ta saki zafi, ta kuma harbo wasu niyutiron biyu ko uku. Kowannensu in ya dace da wata cibiyar sai ya tsaga ta. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas, haka har ninki wajen 80. Duk wannan cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa guda. Ƙiftawar ido doguwar tafiya ce a kansa.

Amma abin yana yaƙi da kansa. Tun kafin a je ƙarshe zafi ya kai miliyoyin digiri, ƙarfen ya zama tururi, yana neman hanyar fita ta ko'ina. Da zarar dunƙulen ya ɗan buɗe, niyutiron sai su riƙa bi ta tsakani suna ficewa ba su taɓa komai ba. Sarƙar ta tsinke ke nan. Bam ɗin da kansa ya tarwatsa abincinsa tun bai ci ba.

Abin da nake ba ɗalibaina misali da shi a aji shi ne wannan. A ba ka naira 1 yau, gobe a ninka, jibi a sake ninkawa. Ranar 30 za ka tashi da sama da naira miliyan 536. Amma in aka tsayar da kai a ranar 28, miliyan 134 za ka samu. Kwana biyu kacal aka rage maka, kashi uku cikin huɗu sun tafi. Haka yake a cikin bam. Kusan duk ƙarfin yana zuwa ne a ninkin ƙarshe-ƙarshe. Saboda haka duk kokawar masu ƙera shi ita ce su riƙe dunƙulen a haɗe na ɗan wani lokaci da ko sunansa ba mu da shi a Hausa, don a samu ƙarin ninki biyu ko uku.

Ɗan Panteka: Yanzu na gane. Kamar garwashi ne a maƙera. In ka tara shi wuri guda ka zuga, ƙarfe ya yi jajir. In ka sa sanda ka baza shi, ko minti biyar ba ya yi ya mutu, alhali gawayin bai ƙare ba.

Malamin Fiziks: Wallahi misalinka ya fi nawa kusa. Bambancin kawai, a nan garwashin ne ke baza kansa.

Baba Manjo: Ina biye da ku tun ɗazu. Malam, ka faɗa musu na Nagasaki, don a nan ne za su ga bambanci. Mu lokacin da muke kwas a Jaji an taɓa mana wannan tarihin, amma ta fuskar yaƙi, ba ta fuskar lissafi ba.

Malamin Fiziks: Ranka ya daɗe, can na nufa. Na Nagasaki, ranar 9 ga Agusta, ba yuraniyom ba ne a zuciyarsa, fulutoniyom ne, wanda ake samarwa a cikin tukunyar nukiliya, wato na'urar da ake tsaga ƙwayoyin yuraniyom a cikinta a hankali. Kilo 6 ne da ɗan ɗigo, dunƙule kamar babban lemon zaƙi. Amma ƙarfinsa ya kai na tan 21,000. Abin da ya tsage a cikinsa wajen kilo 1 ne, kusan kashi ɗaya cikin shida, sannan ɓawon yuraniyom da aka lulluɓe shi da shi ya ƙara nasa. Kaya ya ragu sau goma, ƙarfi ya ƙaru.

Sirrin shi ne yadda aka haɗa su. Na Hiroshima tsarin bindiga ne: guntu biyu, a harba ɗaya cikin ɗaya ta cikin bututu. Na Nagasaki kuwa kewaye dunƙulen aka yi da nakiya ta yau da kullum, ta tashi lokaci guda ta kowane ɓangare, ta matse shi ciki. Abin da aka matse, ƙwayoyinsa sun kusanci juna, niyutiron ba ya tafiya da nisa sai ya ci karo.

Baban Ilham: To in sun san na biyun ya fi, me ya sa suka yi na farkon?

Injiniya: Alhaji, tabbas suke nema. Tsarin bindigar sun yarda da shi har ba su gwada shi ba, Hiroshima ce gwajinsa na farko. Kuma ko sun so gwadawa ba su da yuraniyom ɗin da zai yi na biyu, don abin da masana'antun tace yuraniyom na Oak Ridge a Amurka suka tara ke nan bayan wahala mai yawa. Na matsewar ne ba su natsu da shi ba, shi ya sa suka fara tayar da irinsa a hamadar New Mexico ranar 16 ga Yuli, 1945. Da farko ma sun so su yi wa fulutoniyom tsarin bindiga, sai a 1944 suka gano cewa wanda ke fitowa daga tukunya yana da wani gauraye da ke sakin niyutiron da kansa, zai kunna abin tun guntayen ba su gama haɗuwa ba. Dole suka canza hanya.

Kuma in ana maganar abin da ya salwanta, a fara tun daga rami. Yuraniyom yadda Allah Ya halicce shi a ƙasa, mai lamba 235 kashi 0.7 ne kawai cikin 100. Don ka tara kilo 51, ko a lissafin takarda sai ka tace sama da tan 7, a aikace kuwa ya fi haka. Tan 7 ya koma kilo 64, kilo 64 ya koma ƙasa da kilo 1.

Ɗan Panteka: Ashe na Nagasaki ya fi auki. Na Hiroshima asara ce zalla.

Hajiya Umma: Salamu alaikum. Na yi shiru ina karantawa, amma wannan kalmar ta tayar da ni. Auki? Shinkafa ake cewa tana da auki, garin tuwo ake cewa yana da auki, don yara za su ci su ƙoshi. Yaya za a ce abin kashe mutane yana da auki? Kuma wanda bai tashi ba a kira shi asara? Asarar wa? Na yi shekara 32 ina aikin jinya a garin nan. Na taɓa kwana uku a tsaye kan mutanen da gobarar tankar mai ta ƙona. Mutum goma sha wani abu ne, amma har yau in na ji ƙaurin gashi sai cikina ya juya. Ba mu da gadon da ya isa, ba mu da ruwan da za mu ɗaura musu ya wadatar, fata tana biyo bandeji. A Hiroshima kafin shekarar 1945 ta ƙare mutum wajen 140,000 suka mutu, a Nagasaki wajen 70,000. Likitoci da masu jinyar garin ma yawancinsu sun mutu ko sun ji rauni, babu mai duba wani. Ku kuna nan kuna raba kaza da kaza. Kilo 63 ɗin da bai tashi ba, ni rahama nake ganinsa.

Ɗan Panteka: Hajiya, ku yi haƙuri, bakina ne ya riga tunanina. Ban nufi haka ba.

Hajiya Umma: Na san ba ka nufa ba, ɗana. Ba kai kaɗai nake wa ba. Masu ilimin ne suka fara kiran abin da irin wannan suna, mu muka ɗauka.

Malamin Fiziks: Hajiya, maganarku gaskiya ce kuma na karɓa. Ni kaina a aji na sha rubuta kashi kaza a allo ban ambaci mutum ko ɗaya ba. Amma ku ba ni izini in faɗi dalilin da ya sa nake ganin bai kamata mu kau da kai daga lissafin ba.

Duba abin da kuka kawo da kanku. Bam ɗin da ya fi ɓarnatar da kayansa shi ya fi kisa. Na Nagasaki ya fi ƙarfi amma ya faɗa a kwarin Urakami, duwatsu suka tare wa wani sashe na garin. Hiroshima shimfiɗaɗɗiya ce, babu abin da ya tare. Wato rashin ingancin bam bai ceci kowa ba. Wanda ya ce ai ƙasa kaza ko ƙungiya kaza ba su da gwanintar yin na zamani, don haka a kwantar da hankali, bai fahimci darasin ba. Mafi ƙarancin gwaninta shi ya share gari. Abin da ke da wuya shi ne samun tataccen kayan, shi ya sa duk tsaron duniya ya tattara a kansa. Kuma gwargwadon yadda ake iya cin moriyar kayan, gwargwadon ƙanƙantar abin da dole a sa wa ido. Hukumar IAEA, mai sa ido kan makamashin nukiliya a duniya, tana ɗaukar kilo 25 na mai lamba 235 a cikin tataccen yuraniyom, ko kilo 8 na fulutoniyom, a matsayin adadin da in ya ɓace ba za a iya cewa ba a yi bam da shi ba. Waɗannan alƙaluman daga irin wannan lissafin suka fito.

Hajiya Umma: Na ji. To amsa mini wannan, don shi ya shafi aikina. Wanda bai tashi ba ina ya tafi? Shi ne ya riƙa sa wa mutane ciwo daga baya?

Malamin Fiziks: Tururi ya zama, ya hau sama da gajimaren, iska ta raba shi. Amma ba shi ne babban mai cutarwar ba. Yuraniyom 235 a hankali yake sakin tururinsa mai guba, sai ya shekara wajen miliyan 700 kafin rabinsa ya lalace. Abin da ya jawo zubewar gashi da zubar jini da ƙarewar ƙwayoyin jini shi ne hasken da ya fito a daidai lokacin fashewar, sai kuma ɓaraguzan ƙwayoyin da suka tsage, wato tokar wancan ƙasa da kilo 1 ɗin. Su ne suka sauko cikin baƙin ruwan saman da aka yi a Hiroshima bayan fashewar, mutane masu ƙishi suka sha. Fulutoniyom kuwa daban ne, in ƙurarsa ta shiga huhu tana da haɗari, kuma rabinsa sai ya shekara 24,000. Ragowar na Nagasaki an same shi a lakar madatsar ruwa ta Nishiyama, gabas da inda bam ɗin ya tashi, shekaru da yawa bayan yaƙin.

Auta: Malam, akwai wani abu da ke yawo a Facebook, wai abin da ya hallaka Hiroshima bai kai giram 1 ba. Ku kuma kun ce kusan kilo 1. Wanne ne?

Malamin Fiziks: Duka biyun, 'yata, tambayoyin ne daban. Kusan kilo 1 shi ne yawan yuraniyom ɗin da ya tsage. Amma in cibiya ta tsage ba ɓacewa take yi ba, guntaye take zama. In kika tattara guntayen kika auna, za ki ga nauyinsu ya gaza na asali da wajen kashi ɗaya cikin 1,000. Wannan ɗan giɓin shi ne ya rikiɗe ya zama zafi da haske da iska mai rusa gini, kamar yadda lissafin Einstein ya nuna. Kashi ɗaya cikin 1,000 na ƙasa da kilo 1, ai bai kai giram ba. Hajiya za ta fi ni sanin nauyin ƙwayar farasitamol guda. Kusan haka ne.

Hajiya Umma: La haula wa la ƙuwwata illa billah.

Baba Manjo: Ni abin da nake so matasan zauren nan su gane shi ne ba a tsaya a 1945 ba. Bam ɗin Hiroshima ya haura tan 4 a nauyi, sai babban jirgi ya ɗauke shi. Duk wannan neman cin moriyar kayan da Malam ke bayani, a wajen soja manufarsa ɗaya ce: abin ya ƙanƙance ya hau kan makami mai linzami. Yau kan makami ɗaya 'yan ɗaruruwan kilo ne, ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima sau da dama, kuma makami guda yana iya ɗaukar kawuna da yawa.

Injiniya: Haka ne, ranka ya daɗe. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da Amurka ta yi a tsibirin Enewetak na tekun Fasifik a watan Nuwamba na 1952. Tataccen yuraniyom wajen kilo 60, kusan daidai da na Hiroshima, amma da tsarin matsewa. Ƙarfinsa tan 500,000. Kaya iri ɗaya, nauyi kusan ɗaya, shekara bakwai tsakani, ya ninka sama da sau 30. A daidai wannan lokacin aka shiga bam ɗin haidurojin, wanda ke amfani da zafin tsagewa ya tilasta wa ƙananan ƙwayoyi haɗewa. A 1954 wanda Amurka ta tayar a tsibirin Bikini ya ba da tan miliyan 15, fiye da ninki biyu na abin da suka yi tsammani, tokarsa ta sauka kan mutanen tsibiran da wasu masunta 'yan Japan. A 1961 Tarayyar Sobiyet ta tayar da mai tan miliyan 50.

Baba Manjo: To shi ya sa ni har gobe ina da ra'ayin da na san Hajiya ba za ta so ba. Duniya ba ta jin maganar mara ƙarfi. Libiya ta miƙa shirinta a 2003, kun ga yadda ta ƙare. Yukiren ta ba da makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bayan yarjejeniyar 1994, kun ga abin da ya same ta. Yuraniyom ɗin da aka yi bama-baman farko da shi, mafi yawansa daga ramin Shinkolobwe na Kwango aka haƙo, da hannun baƙar fata. Faransa a Saharar Aljeriya ta zo ta gwada nata a watan Fabrairun 1960, a kan hanyar iskar hunturun da ke sauko mana. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa sai da ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda ci gaba da gwaje-gwajen. Kayan namu, filin gwajin namu, makamin nasu. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Baƙon Maraɗi: Baba, gaisuwa. Kun taɓo mu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit da ke arewacin Nijar. Ni a can na yi ƙuruciyata kafin na zo Kaduna. Abin da ya ba ni mamaki a bayanin Injiniya shi ne, ashe tsaunukan turɓayar da muke gani a bayan gari, matakin farko ne kawai na abin da ake zubarwa. Amma Baba, ban ga yadda bam zai share mana hawaye ba. Abin da muke so a ce fitila ta kama a gidajenmu da albarkar abin da aka haƙa.

Hajiya Umma: Manjo, ka san ba zan bi ka ba. Mu da aka koya mana ko a fagen yaƙi ba a taɓa mace da yaro da tsoho, ba a sare itace mai 'ya'ya, yaya za mu yi da makamin da ba ya tambayar kowa? Ba banza Bahaushe ya kira shi ƙare-dangi ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe, zafin da kuke ji na fahimce shi, amma ku duba Afirka ta Kudu. Ta ƙera guda shida, kuma irin tsarin bindigar nan ne na Hiroshima, abin da ke ƙara tabbatar da maganar Malam. Ta wargaza su da hannunta, shugabanta na lokacin de Klerk ya sanar a 1993. Daga baya aka ƙulla yarjejeniyar Pelindaba a 1996 wadda ta haramta makamin a nahiyar nan. Sannan ga amsar ɗan'uwanmu na Maraɗi: daga 1993 zuwa 2013 Rasha ta sirka tan 500 na tataccen yuraniyom da ta ciro daga makamanta, kwatankwacin kawuna 20,000, ta sayar wa Amurka a matsayin man tashoshin lantarki. Shekara 20 yana ba da wajen kashi 10 cikin 100 na wutar Amurka. Ina rubuta wannan da fitilar waya, don an ɗauke mana wuta a Barnawa tun la'asar. In Hajiya ta yarda a yi amfani da kalmar auki, a nan ne ta dace.

Baba Manjo: Afirka ta Kudu ta wargaza nata ne a daidai lokacin da mulki zai koma hannun baƙar fata. Ku riƙa haɗawa da wannan. Ban sauka daga ra'ayina ba, amma na ji hujjarka.

Auta: Iyayena, ku ba ni dama. Maganar nan ba ta da nisa da mu kamar yadda muke zato. A jami'armu ta Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, a cibiyar bincike da horo kan makamashi. Ƙirar ƙasar Sin ce, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta wajen kilowat 30, ana amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci. Man da ta zo da shi tataccen yuraniyom ne da mai lamba 235 ya kai kashi 90 cikin 100 a cikinsa, wajen kilo 1. A 2018 aka canza mata da mai kashi 13, tsohon kuma aka ɗauko shi daga Zariya a watan Disamba, aka sa shi a jirgi a filin jirgin saman Kaduna zuwa Sin. Gana ta yi irin haka a 2017. Da na fara ji na ce kilo 1 kawai ake wa wannan ɗawainiya? Yau na gane dalili.

Baban Ilham: Ikon Allah! Ta nan garin aka wuce da shi muna kasuwa? To Malam, kilo 1 ɗin ai shi ne kuka ce ya cinye Hiroshima.

Malamin Fiziks: A'a Alhaji, a nan a yi hattara. Kilo 1 shi kaɗai ba ya zama bam, sarƙar ba za ta ma kama irin wancan kamun ba, niyutiron za su tsere. Sai da aka tara 64 kafin ɗayan ya tsage. Amma da ɗaya-ɗaya ake tara goma. Irin waɗannan ƙananan tukwane suna warwatse a jami'o'i da cibiyoyi a ƙasashe da yawa, shi ya sa aka bi su ana canza musu mai zuwa ƙasa da kashi 20, wanda shi ne iyakar da aka shata. Man tashar lantarki kashi 3 zuwa 5 ne. Yarjejeniyar Iran ta 2015 ta tsayar da ita a 3.67, kuma hayaniyar da kuka riƙa ji a rediyo daga baya saboda ta kai 60 ne. Wahalar tacewa kusan duk a farko take, wanda ya kai 60 ya riga ya ci mafi yawan tafiyar zuwa 90.

Baban Ilham: Na karanta wa Ilham duka, har da maganar Hajiya, wadda ta sa ta yi shiru. Ta ce a tambayi Yaya Auta ko ɗaliban sakandare suna iya zuwa ganin tukunyar Zariya.

Auta: Zan tambaya a sashenmu ranar Litinin yadda ake neman izini, in sha Allah. In ya yiwu sai Malam ya rubuto ta makaranta.

Ɗan Panteka: Malam, ni ma ina da abin da zan iya. In kana so, zan dunƙula maka ƙarfe mai nauyin kilo 6 da ɗigon nan, in goge shi sumul, ka kai aji yara su ɗauka a hannu su ji. Galan kuma ba ya wuya.

Malamin Fiziks: Ina so ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kilo 6.2 za ka auna. Sai dai na baƙin ƙarfe zai fito ya ninka na ainihin a girma, zan gaya musu na Nagasaki rabin wannan ne. Hajiya, in kuna da hali ranar, ina roƙon ku zo ku yi musu bayanin ƙuna da bakinku, don ni ban taɓa gani ba.

Hajiya Umma: In Allah Ya kai mu zan zo. Ka sa shi da safe, ƙafata ba ta son rana.

Ɗan Panteka: Asabar zan aiko yaro da shi Tudun Wada.